Yadda Manoma Da Masana Suka Ci Ƙarfin Ƙwaron Wake



Duk wanda ya taɓa sauke wake a Bodija ta Ibadan ko a Mil 12 ta Ikko ya san ɓarnar ƙwaro. Buhu yakan baro Dawanau lafiya lau, bayan wata uku a kwance shi a tarar duk ya huje, jari ya koma gari.

Cikin 1987 aka fara wani aiki a Marwa, arewacin Kamaru, da kuɗin Gwamnatin Amurka. Masanan Jami'ar Purdue suka haɗu da na cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru, suka bi ƙauyuka suna tambayar yadda ake ajiye wake. Suka iske mata suna cuɗa shi da toka. Ba su raina wannan dabara ba, sai suka gwada ta, suka tabbatar tana aiki muddin tokar ta kai yawan waken. Amma wa zai tara tokar buhu ɗari? Daga nan aka koma ga wata hikimar, watau hana ƙwaro iska. Aka fito da buhu mai riɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, ba tare da ɗigon magani ba.

Daga 2007, da taimakon Gidauniyar Gates, aka yaɗa buhun a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu. A nan ma ba a tsaya ga lacca ba. Manoma kan kawo nasu waken a dandali, a ɗaure a gaban kowa, bayan watanni a taru a kwance. Ido ya gani, gardama ta ƙare.

To, sai dai an fi kula da manomi, an bar ɗan kasuwa, alhali a shagonsa wake yake daɗewa. Wasu suka ci gaba da zuba maganin ƙwari mai guba, har cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Wanda aka ƙi a Turai kuwa, irinsa ake dafa wa yara a Sabo da Agege.

Cibiyar IITA tana nan Ibadan tun 1967, ta Samaru tana Zariya, dukansu suna binciken wake. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan wake su aika musu da wakilai, sa'an nan su nemi Gwamnati ta biya kuɗin gwaji a cikin kasuwa, da buhunan 'yan kasuwa, a kan idon dillalai.