Wasa Ya Ƙi Shiga Had-dis? Ga Dalili



A gidajen gem na birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Sabon Layi, har yau PlayStation 2 tana aiki, injin da Sony ta fitar tun 2000. Faifai kuwa ya ja baya, ƙura da ƙarzuwa sun cinye shi. Yanzu mai shago a had-dis yake zuba wasanninsa, ya maƙala da waya.

To ina matsalar? Sai ya zo kwafe God of War II, kwamfuta ta ce wasan ya yi girma, alhali wuri na nan fayau. Matsalar ba ta wuri ba ce, ta tsari ce. Tsarin FAT32 da had-dis ɗin ke kai ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura giga huɗu.

Mafita biyu ce. Ko dai a yanka wasan gunduwa-gunduwa da manhajar USBUtil, ko kuma a koma tsarin exFAT, wanda sabon Open PS2 Loader, manhajar da ke buɗe wasannin a injin, ke karantawa.

Amma fa sauya tsari yana share komai. Masu gidajen gem, ku kwafe wasanninku a wani wurin tukuna. Mu kwana nan.