Lardin Kan Iyaka na Pakistan da Gundumominsa: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Da Sakataren ƙungiya ya ce in yi magana a kan labarin ƙasa, sai na tuna yadda yayyenmu kan ba mu labarin malaman Pakistan da suka koyar da su lissafi da kimiyya. To, yau ga wani yanki na ƙasar malaman nan.

Lardin yana arewa maso yammacin Pakistan, ya yi iyaka da Afganistan, hedkwatarsa Peshawar. Ƙidayar 2023 ta ba shi mutum wajen miliyan 40, akasarinsu Pashtun. Arewacinsa duwatsu ne masu ƙanƙara, inda dutsen Tirich Mir ya kai mita 7,708, amma kudancinsa wajen Dera Isma'il Khan fili ne mai zafi. Ta mashigin Khaibar fatake da mayaƙa suka riƙa shiga Indiya tun zamanin da.

Iyakar kanta Bature ne ya shata ta. A 1893 Mortimer Durand ya zauna da Sarki Abdurrahman na Afganistan, suka ja layin da ya raba Pashtun gida biyu. Duk wanda ke da dangi a Maraɗi ya san irin wannan ciwo. A 1901 aka yanke lardin daga Punjab, aka sa masa suna Lardin Kan Iyakar Arewa maso Yamma, wato kwatance kawai.

An kasa lardin manyan sassa 7: Peshawar, Mardan, Malakand, Hazara, Kohat, Bannu da Dera Isma'il Khan, kowanne da Kwamishina, kamar Razdan ɗinmu na da. A ƙarƙashinsu akwai gundumomi fiye da 30, mai riƙe da kowace kuwa tamkar Di'o ne. Swat da Dir da Chitral masarautu ne har 1969.

Inda nake so mu dakata shi ne yankunan ƙabilu 7 da ke bakin iyaka: Bajaur, Mohmand, Khaibar, Orakzai, Kurram, da Waziristan ta Arewa da ta Kudu. Turawa sun ga shiga duwatsun nan da yaƙi asara ce, sai suka naɗa wakili a wasu daga cikin yankunan, yana ba dattawa alawus su riƙe masa jama'a. Dokar da aka kafa musu a 1901 ta ba wakilin ikon kama dangin mai laifi, ko ya ci ƙauye tara, ko ya rushe gidaje. Babu lauya, babu ɗaukaka ƙara zuwa kotu. Abin takaici, Pakistan ta sami 'yanci a 1947 amma ta ci gaba da dokar har 2018, lokacin da aka haɗe yankunan da lardin suka zama gundumomi. A ganina, a matsayina na ma'aikacin gwamnati, shekara 71 ɗin nan sun fi na Turawa zama abin kunya.

Shi ma suna ya ci rai. A 2010 aka mayar da sunan lardin Khaibar Pakhtunkhwa, wato ƙasar Pashtun. Mutanen Hazara, waɗanda yawancinsu Hindko suke yi, suka ce ba da su ba. Aka yi zanga-zanga a Abbottabad, aka rasa rayuka, kuma daga nan kiran a ba su lardinsu ya ƙara ƙarfi. Nakan tuna da su duk ranar da takardar neman sabuwar gunduma ta iso teburina, domin abin da masu takardar kan fara jayayya a kai shi ne suna da garin da za a sa hedkwata.

Shugaba, na ga kana duba agogo.