Mai zane, je ka ga dabbar da idonka

Yaron da bai fara haɗa baƙi ba hoto yake karantawa, kuma duk abin da ya gani a littafi ya zauna masa ke nan.

Beatrix Potter, 'yar Ingila wadda littafinta na zomo, Peter Rabbit, ya fito a 1902, tana kiwon zomaye a gida, tana ƙura musu ido kafin ta ɗauki alƙalami. Ko da ta sa wa zomon nata riga, ƙafafunsa da kunnuwansa na zomo ne sak.

A wajenmu kuwa, sau da yawa daga intanet ake kwafowa. A ce damisa, sai a zana mai ratsi-ratsi ta Indiya, alhali tamu ɗige-ɗige gare ta. Giwa ma a ba ta ƙananan kunnuwa irin na Asiya, ga ta Yankari nan kunnuwanta kamar faifai. Yaro kuma bai da wanda zai gyara masa, don malamin ma bai taɓa ganin dabbar ba.

Masu buga littattafai, don Allah ku biya wa mai zane kuɗin mota zuwa Yankari, ko Kure kusa da Yamai, inda raƙuman dawa ke kiwo a gefen gonaki.