Ki Zo, Ba Ki Makara Ba

Duk wadda maigidanta yake aikin yini a masana'antun Sharaɗa, Challawa ko Bompai ta san dokar: in ya makara, mai gadi ya rufe ƙofa, kuɗin ranar sun wuce shi. To, a Matiyu sura 20, Yesu ya ba da misalin mai gonar inabi da ya ɗauki ma'aikata har ƙarfe 5 na yamma, ya biya kowa dinari guda. Alheri ke nan. 'Yar'uwa, kada ki ce lokacin tuba ya wuce ki. Mu kuma na Zumunta, in ta dawo, ban da gunaguni. Ubangiji ya taimake mu, amin.