Zagamayit: Sunan Ƙauyen Katsina a Bakin Masanan Duniya



Mu Daurawa mun san darajar suna. Da an ce Kusugu, ko yaro ya san rijiyar da ake nufi da labarin da ke bayanta. To, yau za mu tattauna ne a kan wani suna na jiharmu wanda masana duwatsu a Amurka da Turai ke rubutawa, alhali kuwa mu masu abin ba safai muke jinsa ba. Sunan shi ne zagamayit.

Ga asalinsa. A ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa kusa da Zagami, cikin Lardin Katsina, wanda a lokacin ya haɗa da masarautarmu ta Daura. Sai ya ji wata irin rugugi, dutse ya faɗo daga sama taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono shi aka auna, ya kai kimanin kilo 18, aka kai shi ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna. Daga baya masana suka tarar da iska maƙale a cikinsa, wadda ta yi daidai da iskar duniyar Mas da kumbon Viking ya auna a 1976. Wato ke nan dutsen nan ɓallin wata duniya ne. Ya daskare a can tun kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, sa'an nan wani ƙaton dutse ya daki Mas, ya cillo shi sararin samaniya kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce.

Sunaye uku ne a nan, kada mu cuɗa su. Dutsen dungurungum sunansa Zagami, domin al'adar masana ce su raɗa wa dutsen sama sunan wurin da ya faɗo. Danginsa kuwa ana kiransu shagotayit, daga Shagati ta ƙasar Indiya, inda irinsa ya faɗo a 1865. Shi zagamayit ba dutsen ba ne, wani ma'adini ne a cikinsa, ƙanƙani ƙwarai, wanda ido ba ya gani sai da madubin lantarki. Haɗi ne na kalsiyam, alminiyam, silikon da oksijin, kuma matsi mai tsanani da zafi ne ke samar da shi, irin na dakan nan da ya ɓalle dutsen daga Mas. Saboda haka duk inda masani ya gan shi, ya ga shaidar ƙarfin wannan karo. Ɗafin "-yit" da ke ƙarshen kalmar aikinsa kamar na "ba-" ne a Hausa. Yadda muke cewa Badauri ko Bakatsine, haka zagamayit yake Bazagame cikin ma'adinai. An kuma same shi a wani dutsen Mas da aka tsinta a arewa maso yammacin Afirka, amma sunan Zagami ne ya bi shi.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, ƙauyen namu ne, amma binciken da raɗin sunan duk a ƙasashen waje aka yi su. Ba kuwa Zagami kaɗai ba: dutsen sama ya faɗo a Kabo ta Kano a 1971, da Gujba a 1984. Gobe yana iya faɗowa a Zango ko Mai'aduwa ko Ɓaure. Idan haka ta faru, wa zai rubuta rana da wuri, ya hana a farfasa shi a sayar wa dillalai? Mu ne, musamman waɗanda za su kama aikin gwamnati a ƙananan hukumomi. Kada kuma mu ɗauke shi gatarin aradu, domin wannan makamin dutse ne da mutanen da suka sassaƙa da hannunsu.

Muna kira ga ƙannenmu da su shiga fannin kimiyyar duwatsu, don in wani ya sake faɗowa, ɗan ƙasa ya auna shi, ya raɗa masa suna. Allah ya sa mu dace.