A AUNA ƁARNA KAFIN A SA GARMA: LACCAR DA AKA YI A SULE TANKARKAR



Maganar da ta tara mu yau ita ce ƙasa da ruwa. Kun tuna yadda aka yi ta kai ruwa rana a 2017, bayan da gwamnatin Jigawa ta ware hekta 12,000, watau kusan eka 30,000, a ƙasashen Gagarawa da Sule Tankarkar da Garki da Taura, don kamfanin Lee ya noma rake. Manoma da yawa suka ce ba su yarda ba. Gobe wani zai zo da tasa takardar, ko ta gona, ko ta filin wasan masu kuɗi. To, tilas mu san haƙƙinmu tun yau.

Akwai doka ta 86 ta 1992. Ta ce kafin a buɗe gona mai hekta 500 ko fiye, ko aikin gona da zai tashi iyali 100, sai masana sun auna ɓarnar da zai yi, a rubuta rahoto, a baje shi jama'a su gani, su faɗi ra'ayinsu. Wannan ba alfarma ba ce.

Me za a auna? Ruwa da fari. Rake mashayin ruwa ne, mu kuwa ba mu da kogi, damina gajera ce. In an huda ƙasa da manyan injuna, rijiyar talaka ce za ta fara ƙafewa. Ku tambayi mutanen Haɗeja da Nguru yadda fadamunsu suka ragu bayan an tare ruwa a Tiga a 1974 da Challawa a 1992.

Sa'an nan itatuwa. In an sare gawo da kuka da aduwa, wa zai tare mana iska da rairayi? Sai burtali. In an toshe shi, shanu za su bi ta gonaki, ga rigima. Ku 'yan kasuwa, kada ku ce ba ruwanku. Gonar da ba ta ba da riɗi da zoɓo ba, me za ku auna ran Alhamis a Maigatari?

Kada kuɗin diyya ya ruɗe ku. Dokar ƙasa ta 1978 kan biya shuka da gini, ba ta biyan ita kanta ƙasar. Kuɗi kan ƙare, gona kuwa jika ma ya ci.

Saboda haka muna kira: kada wanda ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Kowane ƙauye ya auna gaba nawa rijiyarsa take, ya rubuta. A nemi rahoto, a karanta shi da Hausa a ƙofar dagaci, kowa na ji.

Allah ya ba talaka sawaba. Amin.