Hoton Ciki da Wahalar Samun Rana



Kowa a zauren nan ya san yawan matan da muke rasawa wajen haihuwa a Najeriya, ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Abin da ya kawo ni shi ne taƙaddamar da na daɗe ina yi da masu tsara kasafin lafiya. Duk sanda aka tayar da maganar hoton ciki, amsarsu guda ce, a sayo na'ura. Sai a sayo, a yi bikin ƙaddamarwa, a watse. Ni kuwa na ce mace tana rasa hoton tun kafin ta kai ƙofar ɗakin da na'urar take, a tsakanin teburin awo da tagar biyan kuɗi da littafin ba da rana.

Ku bi ta da ido. Ta zo awo da sassafe, ungozoma ta miƙa mata 'yar takarda da rubutun Turanci, ta ce, "Hajiya, ki je ki yo hoto." Ba a gaya mata ina ba, ba a gaya mata nawa ba. Ta bi layin biyan kuɗi, aka ce sai an fara ba ta rana. Ta je ɗakin hoto, aka ce sai ta kawo rasit. Kafin ta haɗa biyun an rufe littafi, wai na yau ya cika. Ranar da ta dawo, bayan ta nemi izinin maigida da kuɗin mota, ta bar yara wurin maƙwabciya, ko dai babu wuta, ko mai hoton ba ya nan, ko a yi mata faɗa don ba ta sha ruwa ta cika mara ba, alhali ba wanda ya faɗa mata. Lambar wayar mijinta tana jikin kati, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin kira.

Wasu za su ce ai haƙuri ne, in ba a yi yau ba a yi gobe. A nan ne muka raba gari. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki hoto sau ɗaya kafin mako na 24. Dalilin wannan wa'adi lissafi ne. Hoton da aka ɗauka a watanni ukun farko yana faɗin kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba. A tsakiyar ciki kuskuren yakan kai kwana 10 zuwa 14. A watannin ƙarshe kuwa yana kai mako uku, gaba ko baya. Mako uku shi ke raba jaririn da ya ƙosa da bakwaini. Idan jinin mace ya hau, likita yana tsoron jijjiga, da wane lissafi zai yanke cewa a tayar da naƙuda yau ko a jira? Idan an ce ciki ya wuce wata tara, da me za a tabbatar? Kada mu dogara da ranar al'adar ƙarshe, domin mai goyon da ciki ya shiga kafin jininta ya dawo ba ta da ranar da za ta faɗa, kuma irinta suna da yawa a layinmu. Haka duba halittar jariri yake da nasa lokaci, wajen mako na 18 zuwa 22. Matar da ta zo a mako na 21 aka rubuta mata ta dawo bayan mako shida, an ba ta rana a takarda, amma an hana ta hoton da take buƙata.

Abokan aikina sukan kare kansu da cewa matan ne ba sa zuwa da wuri. Gaskiya ne, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 18 cikin 100 ne kacal suke fara awo a watanni ukun farko. To, wannan hujjata ce. Wadda ta zo a makare, kwanakin da suka rage mata kaɗan ne, ita ce ba ta da halin jira. Masu cewa a ƙirƙiro manhajar waya kuma, su fara gyara littafin da ke kan tebur.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. Ungozomar da ta rubuta takardar hoto ita za ta ba da rana, a teburin nan, kafin mace ta ɗaga. A biya kuɗin hoto tare da na kati a taga guda. A jera mata a littafi bisa makonnin ciki, wadda wa'adinta ya ƙarato ta shiga gaba, mai zubar jini kuwa ba ta bin layi sam. Takardar ta zama da Hausa, da boko da ajami, ɗauke da rana da ɗaki da kuɗi da batun shan ruwa. A ware ma'aikaci guda da waya da katin kira, idan na'ura ta lalace ya sanar da matan tun daren da ya gabaci ranarsu. Sannan a horar da ungozomomi su riƙa auna kwanakin ciki da gano tagwaye da kansu a ranar awon farko, a bar wa ƙwararru masu wuyar.